Gyaran lantarki daga mita yake farawa

Tun da Chile ta sauya dokar lantarkinta a 1982, aka samu tsari guda da Bankin Duniya ya yi ta tallata wa ƙasashe masu tasowa: a raba kamfanin gwamnati gida uku, mai samar da wuta da mai dakonta da mai rarraba ta, a kafa hukumar sa ido, sannan a shigo da 'yan kasuwa. Nijeriya ta bi wannan hanya, ta yi doka a 2005, daga 2013 kuma ta miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga masu zuba jari. Fiye da shekara goma ke nan, amma wutar da ake turawa a layin ƙasa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba.

A ganina, an fi mai da hankali kan wanda ya mallaki kamfanin, alhali ɓarakar tana can ƙarshen waya. Magidancin da ba shi da mita, aka kawo masa takardar kuɗi ta ƙiyasi bayan ya kwana ashirin cikin duhu, ba zai biya da daɗin rai ba, maƙwabcinsa kuwa ya riga ya saƙala waya a jikin fal da dare. Abin da ya fi ciwo shi ne ma'aikatun gwamnati da barikoki su kansu suna cikin manyan masu riƙe bashi. Idan kuɗi bai shigo wa mai rarrabawa ba, ba zai biya mai samarwa ba, shi kuma ba zai biya mai iskar gas ba, sai injin ya tsaya alhali lafiyarsa ƙalau.

Birnin Delhi na Indiya ya miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2002, lokacin da kusan rabin wutar ke salwanta, kuma an sauko da asarar zuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, saboda an sa mitoci, an sabunta wayoyi, gwamnati kuma ta toshe giɓin kuɗin shekarun farko. Vietnam kuwa ta kai wuta kusan kowane gida da kamfanin gwamnati na EVN, yayin da Uganda ta karɓe harkar rarraba wuta daga hannun kamfanin 'yan kasuwa na Umeme a 2025 bayan shekara 20.

Batun farashi ba shi da makawa, domin ba a sayar da kaya a kan faɗuwa har abada. Sai dai ƙara kuɗi kafin a sa mita zalunci ne, tunda ana ƙara wa mutum farashin abin da ba a auna ba. Kamata ya yi tallafi ya koma kan masu ƙwai biyu da fanka ɗaya, a rubuta shi ƙarara a kasafin kuɗi, a kuma bai wa hukumar sa ido ikon yanke wutar ma'aikatar da ta ƙi biya ba tare da jiran izinin minista ba.