Jarumta da ƙashin wani

Jiya bayan la'asar na kai babur ɗina Ƙofar Ruwa a duba mini kulochi. Aikin da bai kamata ya wuce minti arba'in ba sai da ya kai mu magariba, saboda musu ya ɓarke a rumfar tsakanin ogan wurin da babban yaronsa. Yaron ne ya ga labari a waya cewa daga 2027 za a rage injin baburan MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, daga 1000cc zuwa 850cc, a kuma hana na'urar nan da ke durƙusar da babur idan zai tashi, a rage fukafukan da ake maƙala masa a gaba. Ya ajiye sifana ya ce, "Oga, wallahi sun kashe wasan." Ogan bai ko ɗago daga injin da yake kwancewa ba, ya ce, "Kai yaro, wasan da ya mutu tun 2002, lokacin ko tatata ba ka fara ba?"

Na yi dariya a wurin, amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mu 'yan tsirarun da ke bin tseren babur a garin nan, waɗanda ke ƙarar da data a kan abin da abokanmu 'yan ƙwallo suke ɗauka hauka ne, mun iya kukan mutuwar wasa. A 2002 aka kawo manyan injina 990cc suka ture 500cc masu hayaƙi, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, aka ce shi ke nan. A 2007 aka sauko 800cc, aka sake zaman makoki. A ƙananan rukunan gasar, a 2010 Moto2 ya maye gurbin 250cc, a 2012 Moto3 ya maye gurbin 125cc, a shekarar kuma manya suka hau 1000cc. Duk wannan jana'izar da muka yi ta yi, gawar ba ta fasa gudu ba: a 2023 Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya.

To a nan ne nake rabuwa da yaron Oga. Babur yana ƙara gudu kowace shekara, filin kuwa ba ya ƙara faɗi. Bayan kowace kwana akwai fili mai tsakuwa da aka bari don wanda ya faɗi ya gangara ya tsaya kafin ya kai bango. An auna shi ne da gudun wancan zamanin. In gudu ya ƙaru, ko dai a tura bango baya, abin da ba ko'ina ake da wurin yi ba, ko a rage wa inji ƙarfi, ko a ƙirƙiro 'yar murɗiya, hagu da dama a jere, a tsakiyar miƙaƙƙen titi don a tilasta wa mahayi taka birki. Wannan murɗiyar ita ce abin da 'yan kallo suka fi tsana a duniya.

Duk wanda ya ga abin da ya faru a Ostiriya a 2020 ya san daga inda take fitowa. Mahaya biyu, Zarco da Morbidelli, suka yi karo, baburansu biyu suka taho ba mahaya, suka ratsa kwana ta uku, ɗaya ya gifta ta gaban Valentino Rossi, tazarar da ba ta kai a ce komai ba. Na maimaita bidiyon nan ya fi a ƙirga, kuma kowane karo sai na yi salati. A 2022 aka saka murɗiya kafin wurin. Har yau akwai masu cewa an ɓata filin.

Amma ainihin zafin musun yana wajen tseren da ake yi a kan titin gari, ba a filin da aka gina don tsere ba. Titin da motar haya ke bi, da katangar gidajen mutane da turakun lantarki a gefe. Mafi shahara shi ne TT na tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, wanda aka fara a 1907, aka koma hanyar dutsen da ake bi yanzu a 1911. Zagaye ɗaya kilomita 60 ne da ɗoriya, ya fi nisan Kano zuwa Wudil, da kwana sama da 200. A 2023 Peter Hickman ya zagaye shi a ƙasa da minti 17, wato matsakaicin gudunsa ya kai kusan kilomita 219 a awa, ta cikin ƙauyuka. Ku kwatanta mutum ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da wannan gudun.

Akwai kuma North West 200 a Ayalan ta Arewa, tsakanin garuruwan Portstewart da Coleraine da Portrush. A can ne Robert Dunlop ya rasu a 2008 wajen gwaji, a wurin da ake kira Mather's Cross. Bayan kwana biyu ɗansa Michael ya hau babur ya ci tseren 250cc a kan titin nan. Daga baya aka saka murɗiya a wurin, masu son tsohon yayi suka yi ta ƙorafi. Ka duba gidan nan: Joey Dunlop, yayan Robert, mai nasara 26 a TT, ya rasu a tsere a Estoniya a 2000. William, yayan Michael, ya rasu a 2018. Michael ya wuce tarihin baffansa Joey a 2024. Idan Michael Dunlop ya ce murɗiya ta ɓata titi, zan yi shiru in saurara, domin ya biya kuɗin bakinsa. Amma kai da kake kwance a kan katifa a Ɗorayi, fanka na kaɗa ka, kana rubuta "wanda ke tsoron mutuwa ya koma tseren keke", me ka biya?

Na san irin wannan bakin domin na taɓa jin sa da kunnena. Kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, wani ɗan ƙanen babana yana cikin masu wasa da babur a rakiyar amarya. Ya ɗaga tayar gaba, ya miƙe tsaye a kan sirdi, ya saki hannu, samari na ihu suna cewa "ƙara wuta!" Ranar da tayar ta zame masa a kan yashi, mu huɗu muka ɗauke shi zuwa gidan mai ɗori. Ina riƙe da kafaɗarsa lokacin da aka ja ƙafar, ya cije hular kansa har ta yage. Wata uku yana kwance, kuma cikin masu ihun nan ban ga ko ɗaya ya leƙo da lemo ba. Har yau in sanyi ya shigo yana ɗingishi.

Ko Giacomo Agostini, wanda ya ci TT sau 10, ya ƙaurace wa tsibirin bayan mutuwar abokinsa Gilberto Parlotti a 1972, kuma bayan 1976 aka cire TT daga jerin gasar duniya. Wa zai kira Agostini matsoraci? Ni ban ce a cika hanyar dutsen da murɗiya ba. Ba za ta yiwu ba ma, kuma masu zuwa can yanzu ba maki ne ya tilasta musu ba, da ƙafarsu suke zuwa, sun san abin da ke ciki. Abin da nake cewa shi ne, in za a yi shawarar inda za a rage gudu, mahaya da masu tsaron hanya da mutanen da titin ya bi ta ƙofar gidansu ne masu magana.

Inda nake tare da masu ƙorafi kuwa, har zuciyata, shi ne batun rukunai. Ku dubi abin da aka yi wa Supersport, rukunin tseren matsakaitan babura irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa. Da can magana a fili take: yawanci 600cc mai silinda huɗu, kowa ya kawo nasa a gwada. A 2022 aka zuba Ducati mai 955cc da silinda biyu, da Triumph mai 765cc da silinda uku, da Yamaha mai 600cc a rukuni guda, sai a zauna da kwamfuta a daidaita su, a daƙile wa wannan totur, a ƙayyade wa wancan juyin inji. Na fahimci dalilin: kamfanoni sun rage ƙera 600cc domin kasuwarsa ta faɗi, in ba a buɗe ƙofa ba layin tashi zai zama kango. Amma sakamakon shi ne duk wanda ya ci, sai a ce ofis ne ya ba shi. Kamar a gidan dambe ne a haɗa babban shago da ɗan sabon tashi, sannan a ce babban ya sassauta naɗin zarensa don a yi adalci. Ko wa ya yi kisa, musu ba zai ƙare ba.

Ga kuma ƙananan baburan da aka kora. Injin 125cc da 250cc masu hayaƙi abu ne da bakanike da ɗansa za su kwance a tsakar gida da daddare su ɗaure kafin asuba. Ogan rumfar nan ya nuna mini da hannunsa mai baƙin mai: fistan ɗaya, zobe, fulogi, kafireto, ka saurari ƙara da kunne ka san abin da yake so. Ya ce na yanzu kuwa sai an jona masa kwamfuta kafin ya gaya maka ciwonsa. Ta wannan ƙaramar ƙofar 'ya'yan talakawa suke shiga tsere. TT ta yi ƙoƙarin toshe giɓin a 2012 da rukunin masu silinda biyu 650cc, kuma ba laifi, sai dai shi ma da masu kuɗi suka gane ana cin kofi a ciki, tsadar ta biyo shi.

Wani abin da ya ba ni haushi shi ne tseren baburan lantarki na TT, wanda aka yi daga 2010 zuwa 2019 aka dakatar. 'Yan kallo sun yi ta yi masa dariya wai ba ya ƙara. Yanzu ga babur mai caji nan yana wuce ka shiru a titin Gidan Zu, tsadar fetur ta sa dariyar ta ragu.

Da aka gama ɗaure kulochin, yaron ya ce, "Yaya, kawo in gwada maka shi." Ya hau ba hular kwano, silifas a ƙafa, ya murɗa totur ya ɗaga tayar gaba a tsakanin wata Adaidaita Sahu da mai turin ruwa. Ogan ya miƙe da sifana a hannu yana ƙwala masa kira: "Sauko don gidanku! In ka karye uwarka zan gaya wa me?" Ya dawo yana washe baki, ya miƙo mini makulli, ya ce kulochin ya yi daidai, amma birkin baya yana son a duba.