A Ziyarci Burmi, Amma da Jagora da Ladabi

Idan aka tashi kai ɗalibai ko baƙi yawon buɗe ido a Arewa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Yankari ko dutsen Dala ko marinar Ƙofar Mata. Ba kasafai ake ambaton filayen daga ba, alhali a cikinsu aka yanke makomar ƙasar da muke zaune a kanta yau. Ra'ayina shi ne a riƙa ziyartar waɗannan wurare, amma bisa sharaɗi biyu: a je tare da jagoran da ya san tarihin ciki da waje, a kuma shiga da ladabin mai shiga maƙabarta.

Burmi, wadda ke kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, ta isa misali. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka kuma karya rundunar Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas da niyyar isa Makka. Talakawa da malamai da sarakuna suka yi ta barin gidaje da gonaki suna bin tutarsa, har ayarin ya yada zango a Burmi, tsohon sansanin Malam Jibrilla Gaini, wani jagoran mabiya Mahadi. Harin farko da Turawa suka kai a watan Mayu bai yi nasara ba. Ranar 27 ga Yuli 1903 suka dawo da shiri mai ƙarfi, aka gwabza, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, a ɓangaren Turawa kuma aka kashe jagoransu, Manjo Marsh.

Wanda ya je wurin shi kaɗai fili zai gani da kaburbura, ya ɗauki hoto ya juya. Jagora na gari kuwa zai tsayar da shi ya gaya masa abin da ba ya da daɗin ji, wato cewa yawancin sojojin da suka harba bindigogi a ranar 'yan Afirka ne, da dama daga cikinsu Hausa suke ji, Turawan 'yan kaɗan ne a kansu. Zai bayyana masa cewa ba dukkan manyan Sakkwato ne suka yi hijira ba, domin Waziri Muhammadu Buhari ya zauna ya yi sulhu da Turawa saboda gudun kada jama'ar da ta rage ta halaka, kuma shi ma yana da hujjojinsa na ilimi. Wannan saɓani tsakanin mai tafiya da mai zama shi ne ainihin abin da ɗalibi ya kamata ya koma gida yana juyawa a ransa, kuma ba a fahimtarsa idan jagoran ya mayar da aikinsa kirari kawai, ko ya mayar da wani ɓangare maciya amana. Haka nan zai nuna masa cewa tafiyar ba a Burmi ta ƙare ba, tunda ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar mutanen har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kuma zuriyarsu tana can har yanzu.

Batun ladabi kuwa bai kamata ya zame mana baƙo ba, tunda addini ya riga ya koya mana yadda ake ziyartar kaburbura. A yi sallama, a yi addu'a, kada a taka kabari ko a zauna a kansa, kada a ɗebi ƙasa ko wani tsohon ƙarfe a tafi da shi. Yana ɓata mini rai ƙwarai in ga matashi ya jingina da kabari yana dariya don hoton Facebook. A birnin Ypres na Beljiyam, tun 1928 ake busa ƙaho da ƙarfe takwas na kowane dare a ƙofar Menin, mai ɗauke da sunayen sojoji fiye da 54,000 na Yaƙin Duniya na Ɗaya waɗanda ba a san kabarinsu ba, ba a dakata ba sai lokacin mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dubban baƙi sun saba tsayawa tsit har a gama. Mamatan Burmi ba su gaza wannan girmamawa ba.

Akwai kuma haƙƙin mutanen wurin. A nemi izinin mai gari kafin a shiga, kada a tattake amfanin gona, kuma kuɗin jagoranci ya shiga hannun 'yan ƙasar. Ina fatan gwamnatin Gombe da sassan tarihi na jami'o'inmu za su horar da matasan Funakaye wannan aiki, su kuma hanzarta naɗar abin da dattawan yankin suka ji daga bakin kakanninsu, domin rahotannin da hafsoshin Turawa suka rubuta ba za su wadatar da jagoran da ke son faɗin labarin duka ba.