Wa ya koya masa riƙe bindigar nan?

Yau kwana goma sha tara ɗan ƙanwata yana kwance, ƙafarsa ta dama a naɗe daga gwiwa har matsematsi. Shekararsa goma sha ɗaya. Wanda ya harbe shi ɗan unguwarmu ne a nan Mora, a arewacin Kamaru, ɗaya daga cikin samarin da aka ɗora wa tsaronmu, kuma na rantse bai yi niyya ba. Rashin niyyar ce ma take ƙara ƙona mini rai, domin da ɗan Boko Haram ne da na san inda zan kai fushina.

Bayan sallar magariba ne, a teburin mai shayi. Yaron ya zo da farantin ƙosan uwarsa kamar kullum. 'Yan sintiri uku suna zaune a benci suna jiran a haɗa musu shayi kafin su fita zagaye. Ɗayansu, wanda bai kai shekara ashirin ba, ya ɗora bindigar toka a cinyarsa, a ɗure, a ɗane, bakinta yana kallon hanya. Ya miƙa hannu zai karɓi kofi, igiyar ratayar ta harɗe kunama. Ina cikin shagona na ji ƙarar. Da na fito hayaƙin albarushi bai gama washewa ba, ƙosai ya watse a ƙasa, yaron yana zaune yana kallon wandonsa yana jiƙewa, ko kuka bai fara ba. Shi kuwa mai bindigar ya yar da ita, ya dafe kai yana ta salati.

Abin da aka ɗura wa bindigar ƙwallayen boris ne na keke da guntayen ƙusa. Sai da muka dangana da Marwa, tafiyar wajen kilomita 60, da yaro a kwance a cinyata, rawanina ɗaure a ƙafarsa. Likita ya ciro bakwai, ya ce biyu sun yi kusa da jijiya, a bar su tukuna. Uwarsa ta sayar da akuyarta da tukwanen aurenta. Ni na taɓa jarin shago.

Kwana uku da dawowarmu sai ga dattawa sun zo ba da haƙuri, da mahaifin saurayin da shugaban 'yan sintirin. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, domin mutanen kirki ne kuma tare muka tashi da wasunsu. Suka ce, "Malam, a yi haƙuri, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na ce na karɓi ƙaddara, na kuma yafe wa saurayin. Sannan na juya ga shugaban nasu na ce, "Baba, don Allah ka gaya mini, ran da aka miƙa masa bindigar nan, wa ya zaunar da shi ya koya masa riƙe ta?" Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ai yana ganin yadda 'yan'uwansa suke yi."

Yana gani! Da gani ake koyon abin da ke raba mutum da ransa? Ko ɗinki ba a koyonsa da gani kaɗai, sai ka yi wata da watanni kana saka maɓalli kafin maigida ya bar ka ka taka keke.

Kada wani ya ce na zo ɓata 'yan sintiri. Duk wanda ya zauna a yankinmu na Mayo-Sava daga 2014 zuwa yau ya san abin da muke bin su na godiya. Mun ga harin da Boko Haram ta kai Kolofata a watan Yulin 2014, mun ga Amchide ta zama kufai, mun ji bama-baman da suka tashi a kasuwar Marwa da unguwar Barmare ranar 22 ga Yulin 2015, bayan kwana uku kuma aka sake a unguwar Pont Vert. A waɗannan shekarun samarin nan ne suke tsayawa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci suna laluben mutane, da adda da kwari da baka da tocila. Akwai waɗanda suka tare masu ɗauke da bam, bam ɗin ya tashi da su, mu muka kwana lafiya. Ba su da albashin soja, ba su da rigar sulke. Saboda ina ganin girmansu ne ma nake wannan magana. Wanda ka tura ya tsare maka gari, ka bar shi da makamin da bai san kansa ba, ka cuce shi kafin ka cuci kowa. Yau saurayin nan ba ya iya haɗa ido da ƙanwata, uwarsa ta ce ko abinci ba ya ci.

Abin takaicin shi ne, mu ba baƙin bindiga ba ne, kuma iyayenmu ba haka suka riƙe ta ba. Kakana na wajen uwa maharbi ne. Yaron da ke son harbi sai ya shekara yana ɗaukar wa maigidansa jaka da gora, yana koyon awon albarushi, yana goge bututu, kafin a yarda ya ɗana kunama. Maharbi ba ya shiga gari da bindiga a ɗane, ba ya jingine ta inda yara ke wasa, kuma in ya yi sakaci sarkin baka ne zai karɓe ta a gaban jama'a. Addininmu ma bai bar wannan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Kibiya ke nan, wadda sai an ja baka take tashi. Ina ga abin da igiya kaɗai ke tayar da shi?

Ga kuma irin bindigogin da ke hannunsu. Maƙeri ne ya haɗa daga bututun ƙarfe, babu wanda ya gwada ƙarfinsa. Yaro yana ganin in ya ƙara albarushi zai ƙara mata ƙarfi, sai ta tsage a hannunsa. A unguwarmu kaɗai akwai mai yatsu uku a hannun hagu ta wannan hanya.

To ina hukuma? Kamaru tana da dokar makamai, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Disamban 2016, ta kasa makamai rukuni-rukuni, ta ce mallaka da ɗauka sai da izini. Madalla. Amma takarda mai hatimi ba ta koya wa yatsa ya nisanci kunama. Kuma kada a ce mana abin ya fi ƙarfin gwamnati, domin mun ga yadda take in ta so. A 2015 an wayi gari an hana niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, aka taƙaita zirga-zirgar babura, kuma an bi, dole. Yau in ka taso daga Mora zuwa Marwa, shinge nawa za ka tsaya ana tambayarka katin shaida? Direba ba ya hawa titi sai da lasisi, sai ya je makarantar tuƙi an jarraba shi. Mota kuwa don ɗaukar mutane aka ƙera ta, kisa a wurinta hatsari ne. Bindiga ba ta da wani aiki sai huda jiki, amma ita ce ake miƙawa kamar sandar kiwo.

Abin da nake nema bai kai a kira shi buƙata mai tsada ba. Garin nan cike yake da sojojin BIR, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa, da jandarmomi, mutanen da suka yi watanni a horo kafin a ba su makami. A ware mako guda. Lawanai da bulamomi su kawo sunan duk mai riƙe bindiga a unguwarsu, ɗan sintiri ne ko maharbi ko mai gadin shanu. A koya musu cewa bakin bindiga ƙasa yake kallo, ba a ɗana ta sai an fita gari, ba a shiga da ita kasuwa ko majalisar shayi a ɗure, ba a harbi cikin duhu sai ka san wanda ke gabanka da wanda ke bayansa. A koya musu awon albarushi, a duba bututun kowa, wanda ya tsatsa a karɓe. A koya musu yadda ake tsayar da jini, domin ran nan a cikin su ukun babu wanda ya san inda zai ɗaure ƙafar yaron, ni ma Allah ne ya ba ni sa'a. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi kati, wanda ya kasa ya koma ga tocila da usur, shi ma aiki ne. A riƙa sabuntawa duk shekara.

Na kai wannan magana wurin mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ka isar mana da ita gaba." Ya ce zai duba. Mako biyu ke nan.

Shekaranjiya da dare na bi ta teburin mai shayin nan zan kai wa ƙanwata magani. Wani saurayin ne daban a kan bencin, bindiga a cinya, bakinta saitin ƙofar masallaci, mutane suna fitowa daga isha'i. Na tsaya na kama bututun da hannuna na karkatar da shi ƙasa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Haba Baba, ba komai, ai ba ta tashi haka kawai."