Lagwanin risho a cikin kyandir

Ban taɓa zaton zare ne zai kunyata ni a gaban surukata ba. Abin ya faro ne cikin azumin bara, lokacin da muka kwana tara babu wuta, wai transufoma ta ƙone. Ina kwance da dare ina ƙarasa ragowar cajin wayata, sai na faɗa kan bidiyon wata Baturiya tana tsiyaya narkakken kaki a cikin robar silikon mai siffar fure. Ta bari ya daskare, ta ɓare robar, sai ga kyandir kamar ka gutsira ka ci. Na ce a raina, ai mu mazauna duhu ne muka fi cancanta da wannan sana'a.

Washegari na nufi Sabon Gari. Na sayi kakin farafin kilo 2, fari sol kamar ƙanƙara, da kala, da ɗan turare, da robobin zubi uku. Na biya ta Kurmi na ƙaro dunƙulen kakin zuma. Mai shagon farko yana ƙulla mini leda ya ce, "Hajiya, lagwani fa?" Na ce, "Malam, gidanmu har keken ɗinki akwai." Ya dube ni, ya miƙo canji, bai ƙara ko uffan ba.

Narkarwa dai na iya, ba yabon kai ba. Kakin a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, domin in ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta yana iya kamawa, kuma ruwa ba ya kashe irin wannan wutar, fantsama ta yake yi. Na ninka zaren keke huɗu, na zura ta ƙasan robar, na zuba. Bayan tarawihi na tara gidan kaf a falo, har da surukata Hajiya da ta zo mana azumi daga ƙauye. Na kyasta ashana da bisimilla. Wutar ta bi zaren da gudu kamar an koro ta, ya ƙudundune ya zama ɗan baƙin ƙwallo, ya mutu. Falo ya yi tsit, sai warin ƙonanniyar leda. Autana ya ce, "Umma, shi ke nan?"

Ashe zaren roba ne. Ni a tunanina zaren ne ke cin wuta, kakin kuwa riƙe shi kawai yake yi. Ina! Aikin lagwani tsotso ne. Yana jan narkakken kaki sama yadda tsumma ke jan ruwa, zafi ya mayar da shi tururi, tururin ne ke ci. Roba kuwa ba ta tsotso, narkewa take yi.

Na samo zaren auduga na gaske wurin maƙwabciyata, siriri, na sa shi a babbar robar, mai faɗin santimita 7, kusan bakin gwangwanin madara. Wannan ya kama. Har na fara lissafin riba. Sai dai harshen wutar bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma maimakon ya narkar da saman kyandir gaba ɗaya, sai ya dinga haƙa rijiya a tsakiya yana gangarawa. Bayan awa ɗaya sai ka leƙa daga sama kafin ka san a kunne yake. Can kakin ya taru ya nutsar da shi. Maigida ya leƙa ya ce, "Allah ya jiƙan rai, ruwa ya ci shi."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Tunda siriri ya gaza, bari in nemo ƙato. Na shiga kicin, na buɗe risho, na zare lagwani guda. Na wanke shi da sabulu, na shanya, na cusa shi a siririyar robar mai faɗin santimita 3, da ƙyar ma ya bar wa kaki wuri.

Jama'a, wannan ya ci. Harshen wuta ya tashi taƙi guda yana lilo, baƙin hayaƙi na bin sa kamar jela. Kan lagwanin ya kumbura ya yi tulluwa baƙi ƙirin. Kakin ya ɓalle ta gefe, ya sauko kan tebur, ya bi ƙafar tebur ya sami kafet. Yara suna ta tafi. Minti ashirin ba a cika ba kyandir ya tafi, ya bar mana tambari a silin, da'ira baƙa mai faɗin faifai. Maigida ya shigo daga masallaci yana tari, ya ce, "Wa ke ƙona taya a falona?" Farar shaddarsa ta Sallah kuwa tana rataye a bayan ƙofa. Wannan maganar har yau ba mu gama ta ba. Da asuba kowa ya fyace hanci sai baƙi. Ga shi Hajiya ta hana a kunna rishon, ta ce ramin da babu lagwani wuta na iya bi ta nan ta sami tankin kananzir. Gawayi na hura na yi sahur, ina fifita ina hawaye.

Da hantsi ta kira ni. "Ke 'yar nan, zo nan. Kin ba ƙato kunun jariri, kin ba jariri tuwon ƙato, sannan kina mamaki." Na ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya." Ta ce ba haƙuri ta nema ba, auduga. Ta kwance ƙullin kayanta ta ciro mazari, wanda ni na ɗauka tsaraba ce ta tarihi. Ta ce su da suka tashi da aci-bal-bal, tun suna yara suka san lagwani daidai bakin fitila ake murza shi. Ta kaɗa zare, ta raba shi gida uku, ta kitse kamar kalaba. Wai murɗaɗɗe tsaye yake ƙyam yana tara gawayi, kitsattse kuwa yana ɗan sunkuyar da kai, bakinsa ya leƙa gefen harshen wuta inda iska take, ya cinye kansa ya zama toka. Daga baya na karanta cewa a Faransa sai a shekarun 1820 aka soma kitsa lagwani, kafin nan mutum da almakashi yake gadin kyandir yana datsewa. Na gaya mata. Ta ce Allah sarki, sun sha wahala.

Kala uku ta yi, siriri da matsakaici da mai kauri. Ta sa na jiƙa su cikin narkakken kaki har kumfa ta daina fita, na miƙar da su suka sandare. Muka ɗaure kowanne a tsinken tsire da aka gitta a bakin robar don ya tsaya a tsakiya, muka toshe hujin ƙasa da salatif. Farafin yana shanyewa in ya huce, ya bar kwarmi, sai an ƙara zubi na biyu. Kafin kunnawa aka datse kan ya rage kamar milimita 6. Muka zauna awa uku muna kallon kyandir uku kamar masu jinya. Matsakaicin ne ya dace da babbar robar: wuta tsaye kamar gaɓar yatsa, babu hayaƙi, tafkin kakin ya kusa kai baki ya bar siririn bango. Da na zuba kakin zuma da lagwanin nan kuwa, rijiya ta dawo. Shi sai zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius yake narkewa, ga danƙo, don haka mai kaurin yake so.

Bayan Sallah na koma shagon nan a ɓoye. Yana ganina ya ce, "Hajiya, keken ne ya lalace?" Ya sauko da naɗi-naɗin lagwani, kowanne da lambarsa, mai faɗi na farafin, mai kusurwa huɗu na kakin zuma. Na sayo biyu na ɓoye a ƙasan akwati. Autana ya kai rahoto kafin magariba.

Yanzu a wurin Hajiya nake saye. Duk ranar kasuwar garinsu direba ke kawo ƙulli, kuɗinta ya ninka na shago, kuma ta aiko a gaya mini ba ta ba da bashi.