Tiyatar rage nono: nauyin da hijabi ke ɓoyewa

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan mata a Kasuwar Bacci ta Kaduna, ko ya buɗe TikTok da daddare, ya san abin da ake talla: garin ciko ƙirji, tsumi, man shafawa. Kowa ƙari yake sayarwa. Matar da nonon ya yi wa yawa har ya zame mata ciwo, ba mai kulawa da ita, in ma ta yi magana dariya za a yi.

Wata maƙwabciyata a Tudun Wada, tela ce mai 'ya'ya uku, ta taɓa zame mayafi ta nuna mini kafaɗarta. Igiyar rigar mama ta yi rami a wurin, fatar ta yi baƙi. Ta ce, "Anti, in na yini a kan keke, da magariba wuyana da bayana kamar an yi mini duka. Lokacin zafi kuwa ƙasan wurin har saɓulewa yake." Da ta kai kuka wurin mahaifiyarta, amsar da ta samu ita ce, wasu na nema da kuɗi, ke kin samu kyauta kina raki.

Ba raki ba ne. Likitoci sun san wannan larura, kuma alamunta su ne waɗanda ta lissafa, wani lokaci har da ciwon kai da sanyin yatsu. Wata tun balaga abin ke farawa, wata kuma ciki ne ke tayar da shi. 'Yar wasan tenis ta Romaniya, Simona Halep, an yi mata tiyatar rage nono a 2009 tana da shekara 17 saboda ciwon baya, ta zo ta ci gasar Faransa a 2018 da Wimbledon a 2019. A ganina mace mai irin wannan ciwo tana da haƙƙin neman magani kamar mai ciwon ido. Sai dai wuƙa ba ta mayar da abin da ta yanke, don haka a yi tambaya tun ana zaune a kujera, kafin a hau gado.

Tambayar farko a garin nan ta addini ce, kuma daidai ne. Ana jan ayar Suratun Nisa'i da ke gargaɗi kan sauya halittar Allah. Amma malamai sun daɗe da bambanta kawar da cuta da neman ƙarin ado, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta gyaran nono idan girmansa ya kai ga haifar da rashin lafiya. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta je wurin malaminta, amma ta tafi da bayanin likita a hannu.

Shi aikin, ana sa mace barci gaba ɗaya na kamar awa 2 zuwa 4. Likita zai cire kitse da tsokar nono da fatar da ta yi saura, ya ɗaga kan nonon sama. Yawanci ana barin kan a manne da wani sashe na tsoka don jini da jijiyoyi su ci gaba da isa gare shi. Idan girman ya wuce kima, akan yanke shi gaba ɗaya a sake dasawa, kuma wadda aka yi wa haka ta yi sallama da shayarwa.

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne maganar ta fi shafar mu. Baturiya mai ɗa ɗaya ko biyu, da madarar gwangwani a kanti kusa da gida, lissafinta daban. Mu a nan mace kan haifi biyar ko shida, ta shayar da kowanne shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ga tsadar madara da ba kowane magidanci ke iya ɗauka ba. Mata da yawa suna shayarwa bayan aikin, wasu ruwan bai isar jariri, wasu ba ya zuwa sam, kuma babu likitan kirki da zai rantse miki a kan ɓangaren da za ki faɗa. Ƙari a kan haka, sabon ciki ko ƙiba na iya dawo da girman. Shi ya sa wadda ciwonta ke jurewa, gara ta jira ta gama haihuwa, ta kuma bar wasu watanni bayan yaye. Budurwar da abin ya hana ta makaranta ko barci, nata hukuncin daban, amma a gaya mata gaskiya ita da iyayenta.

Sai tabo. Ba a yin aikin nan babu shi: yana zagaye kan nono, ya gangaro ƙasa, sau da yawa ya bi lanƙwasar ƙasan nonon. Mu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke kumbura wa wasu bayan hujin kunne. Idan naki hujin ko ɗinkin tiyatar haihuwa ya taɓa yin haka, faɗa wa likita tun ranar farko. Haka sikila, ciwon suga da hawan jini. Haka shisha da sigari, waɗanda ke hana rauni warkewa har kan nonon ya iya mutuwa, kuma na san ba kowace 'yar gidan mutunci za ta so amsa wannan a gaban mijinta ba, to ta nemi ganin likita ita kaɗai. Masu shan "sha ka fashe" su ma su faɗa. Wadda ta haura 40 akan ɗauki hoton nono kafin aiki, abin da aka cire kuma a kai shi gwaji saboda sankara. Bayan an sallame ki, sai kamar mako 6 babu ɗaukar bokitin ruwa, babu daka, babu goyo. Wa zai riƙe gidan? Wannan ma a shirya shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hannun da zai riƙe wuƙar. Kunya ce ke tura mace wurin wanda ta gani a Instagram, don kada a gan ta a layin asibiti. Rajista da hukumar likitoci ta MDCN ita ce matakin farko kawai. Ana buƙatar wanda ya kammala horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, da likitan sa barci na gaske, da asibitin da ke da jini a ajiye. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da irin waɗannan likitoci, kuma daga Asibitin Barau Dikko na Kaduna ana iya samun takardar turawa. Fita waje ma ba lamuni ba ne: Stella Obasanjo a Sifaniya ta rasu a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar cire kitse, tana matar shugaban ƙasa.

Kuɗi kuwa daga aljihu ne, domin tsare-tsaren inshorar lafiya kan ware tiyatar kwalliya daga abin da suke biya. A Ingila hukumar lafiya ta gwamnati kan ɗauki nauyin aikin idan an tabbatar ciwo yake jawowa. Ban ga dalilin da zai hana KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, duba irin wannan tsari ba, da sharaɗin rahoton ƙwararren likita.

Maƙwabciyata ta je Shika. An ce ta fara rage ƙiba, ta nemi rigar mama mai faɗin igiya daidai da ita, ta riƙa busar da wurin sosai bayan wanka. Ita da maigidanta suna son ƙarin ɗa ɗaya, don haka ta ɗaga aikin zuwa bayan yaye. Ta dai shiga adashi tun yanzu, kuma ta roƙi uwar adashin a ba ta kwasar ƙarshe.