Tsakanin famfo da moɗa ruwanmu yake lalacewa

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san ruwa a nan ba abin wasa ba ne. A wurare da yawa na jihar Tawa sai an huda ƙasa ɗaruruwan mitoci kafin a same shi, shi ya sa ranar buɗe sabon foraji, wato rijiyar burtsatse, takan zama biki. Amma bayan wata shida, a leƙa likitar garin, za a tarar har yanzu ana kawo yara masu zawo. Ra'ayina shi ne muna zuba kuɗin duka a bakin famfo, mun bar ɗan guntun da ya rage tsakanin famfo da bakin yaro, alhali a nan cutar take shiga.

A bi bido ɗaya daga famfo zuwa gida. Sau da yawa tsohon bidon mai ne, cikinsa ya yi gansakuka, murfin ya ɓata an toshe bakin da leda. Ɗan ga-ruwa ya turo shi cikin ƙura, a juye a randa. Randar mai faɗin baki ce, moɗa tana ajiye a ƙasa, yaro ya taso daga wasa ya tsoma ta har da hannunsa. Ruwan da ya fito garau ya koma abin tsoro kafin la'asar.

Gyaran ba shi da tsada. A wanke bido da sabulu da ɗan ruwan jabel duk mako, a ɗauraye sosai. A rufe randa, a samo ludayi mai dogon hannu a rataye shi. Ƙwayar Aquatabs ta kashe ƙwayoyin cuta a ruwa tana aiki, amma ana yawan kuskure wajen awo: a duba takardar, ƙwayar da aka yi don lita 20 ba ta isar wa babbar randa, kuma wasu bidunan lita 25 suke ci. A jira minti 30 kafin a sha. In ruwan tabki ne mai laka, sai an bar shi ya kwanta an tace da ƙyalle mai tsabta, a ninka ƙwayar, domin laka tana cinye ƙarfin maganin.

Sai salanga, wadda ba a son zancenta a gaban manya. Kwalara da zawo da taifot duk daga kashin mutum suke komawa baki, ta hannu ko ƙuda ko ruwan sama da ya wanke fili ya gangara rijiya. Annobar kwalara ta 2021 da ta taɓa Tawa da Maraɗi da Damagaram da damina ta yi ƙarfi. Ramin salanga ya kamata ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ya kasance ta gangare, ƙasansa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A ƙasa mai rairayi, ramin da ba a ɗaure bakinsa da bulo ba rushewa yake yi da ruwan Agusta, kuma iyalin da salangarsu ta rufta sau ɗaya da wuya su sake haƙawa. A kan dutse wahalar haƙa ce, sai a yi gajeren rami a ɗaga ginin sama. Dakalin siminti da murfi dole ne. Kashin jariri kuma, da iyaye mata da yawa suke ɗauka ba shi da illa, a zuba shi cikin ramin, a wanke hannu da sabulu, in babu ko da toka.

Masu cewa talaka bai da halin wannan ina jin su, sai dai a lissafa abin da zawo ɗaya yake ci: kuɗin magani, kuɗin mota, kwanakin da uwa ta bar sana'arta, ga yaron da yake ramewa har tamowa ta kama shi. Kuma mun taɓa yin irin wannan aiki. Tace ruwa da tsare tabkuna ne suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. A nan jihar, Bagaruwa ce gunduma ta farko a ƙasar da aka shaida ta bar bahaya a fili.

Abin da nake nema daga magadan gari da masu kawo ayyuka shi ne kada a karɓi foraji sai da dakalin siminti kewaye da famfo, da magudana zuwa ramin tsotse ruwa, da kwamin shayar da dabbobi can nesa. Kuɗin da ake karɓa a kan kowane bido a rubuta shi a littafi, a ware na sayen robobi da gyaran inji tun kafin su lalace, domin ranar da famfo ya tsaya mata tabki za su koma. Kowace lakwal kuma a gina mata salangar ƴan mata daban, mai ƙofa da sakata da butar ruwa a ciki.