Maganin da Masako ta zubar

Daren jiya na sake kallon kashi na ƙarshe na Kamakura-dono no 13-nin. Karo na uku ke nan, kuma har yanzu idan aka zo mintunan ƙarshe sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Wanda bai gani ba kuma yana da niyya, ya dakata a nan, don zan faɗi yadda aka ƙare.

Wasan kwaikwayo ne na tarihi da tashar NHK ta Japan ta nuna a 2022, cikin jerin da suke kira taiga, wanda tun 1963 suke yi: kowace shekara labari ɗaya, kowace Lahadi da dare kashi ɗaya. Wannan kashi 48 ne, Mitani Koki ya rubuta, aka rufe shi ranar 18 ga Disamba. Labarin Hojo Yoshitoki ne, ɗan wani ƙaramin gidan mayaƙa a yankin Izu, wanda yayarsa Masako ta auri Minamoto no Yoritomo, mutumin da ya kafa gwamnatin mayaƙa a Kamakura. A farkon wasan Yoshitoki saurayi ne mai kunya, babu abin da yake so kamar a bar shi a rumbu yana lissafin shinkafa. A ƙarshensa shi ne mai riƙe da ƙasar, baƙar riga a jikinsa, kuma babu wanda yake iya kallon idonsa.

Ga yadda aka ƙare. An gama yaƙin Jokyu na 1221, rundunar Kamakura ta ci Kiyoto, birnin fadar sarkin Japan, an kori sarki mai murabus Go-Toba zuwa tsibirin Oki. Yoshitoki yana kwance ba lafiya, matarsa ta daɗe tana zuba masa guba. Likita ya bar masa magani, ya ce idan ciwon ya taso ya sha nan take. Masako ta zo duba shi, suna hira irin ta ya da ƙani da suka tsufa, sai ya fara ƙirga mutanen da suka mutu a rikicin mulki tun rasuwar Yoritomo: Kajiwara, Hiki, Hatakeyama, Wada, Sanetomo, har suka kai 13. A cikin lissafin ya ambaci Yoriie, magajin Yoritomo, ɗan Masako na cikinta, wanda shekara 20 ana ce mata ciwo ne ya kashe shi a Shuzenji. Ta tambaye shi me ya kawo Yoriie cikin wannan jeri. Bai iya ɓoyewa ba.

Daga nan ciwon ya taso. Ya ce ta miƙo masa magani, yana da sauran aiki: akwai yaron da aka tuɓe daga gadon sarauta bayan yaƙin, jikan Go-Toba, dole a kawar da shi kafin wasu su fake da sunansa. Ya ce shi zai ɗauki baƙin jinin duka don ɗansa Yasutoki ya yi mulki da hannu mai tsabta. Masako ta tsiyaye maganin a ƙasa. Ya rarrafa zai lasa, ta sa hannun rigarta ta goge. Da ransa ya fita ta matso, ta kira shi da sunan ƙuruciyarsa, Koshiro, ta yi masa abin da a Hausa sai dai a ce "sannu da aiki". Hoto ya ɗauke, sai kukanta kawai ake ji.

A daren da aka fara nuna wannan kashi Twitter ta cika. Abu na farko da ya girgiza mutane shi ne lambar 13. Shekara guda kowa ya ɗauka sunan wasan yana nufin majalisar dattawa 13 da aka kafa a 1199 don su taya Yoriie mulki, ashe marubucin ya ajiye wasu 13 na matattu. Wannan kam an yaba, kuma ya cancanta. Amma muhawarar da ta daɗe ita ce ta Masako. Wasu suka ce fansar ɗanta ta ɗauka. Wasu kuma, su ne na fi yawan cin karo da su, suka ce ƙauna ce tsantsa, ta ceci ƙaninta daga ƙarin zunubi.

Masu cewa fansa ce ban daɗe a kansu ba. Duk wanda ya dubi fuskar Koike Eiko, wadda ta fito a Masako, ya ga lokacin da hannunta ya tsaya. Da ta ji labarin Yoriie ta haɗiye abin, har ta nuna kamar dama zuciyarta ta daɗe da zargin haka. Sai da ya ambaci yaron nan sannan ta riƙe maganin. Da fansa take nema da ba ta jira ba.

Masu cewa ƙauna ce su ne suke damuna, domin sun kusa gaskiya amma sun wanke Masako fes, abin da wasan kansa bai yi ba. Ku koma kan lissafin nan na 13. Akwai sunan da babu a ciki: Ichiman, ɗan Yoriie, jikan Masako, yaron da bai wuce shekara 6 ba lokacin da aka hallaka shi a 1203 sa'ad da aka rushe gidan Hiki, dangin mahaifiyarsa. A wasan, da umarnin Yoshitoki aka yi. Mutumin da ya tuna da kowane babban jarumi da ya faɗi bai ko sa wannan yaron cikin ƙidaya ba. Ni a nan ne wasan ya fi yi mini ciwo. Masako ta san Ichiman ya tafi, ta ci gaba da zama a gidan da wannan jinin ya gina. Mulkin da ƙaninta ya tsare da kisa shi ne ya mai da ita uwar Kamakura. Sati ɗaya kafin kashin ƙarshe mun ga ta tsaya gaban mayaƙa ta yi jawabin da ya hana a miƙa kan Yoshitoki ga Go-Toba. Ita ta raya shi a ranar. To idan ta hana shi magani saboda wani yaro, akwai ƙauna a ciki, na yarda, amma akwai kuma nauyin shekara 21 da ta yi ba ta hana ba. Kukan da muka ji cikin duhu, a ganina, har da na wannan.

Mu da muka taso da finafinan Indiya da na Kannywood mun saba bos ya sha kashi a ƙarshe, a tafa, kowa ya tafi gida da sanyin zuciya. Nan babu wannan sauƙin. Oguri Shun ya taka Yoshitoki a hankali ƙwarai, ta yadda kowane mataki da ya ɗauka zuwa duhu sai mai kallo ya ji kamar babu wata hanya. Ranar da aka kashe Kazusa Hirotsune a kashi na 15, dattijon da ya ɓoye yana koyon rubutu don kada a raina shi a Kiyoto, Yoshitoki ya san za a yi, ya tsaya yana hawaye bai motsa ba. Mun tausaya masa. Daga baya ya daina hawayen, mu kuwa ba mu daina nemo masa uzuri ba. Shi ya sa da na ga mutane suna rubuta cewa sun yi kuka saboda Koshiro ban yi mamaki ba, ni ma na yi. Abin da na so in gani ƙari shi ne masu tambayar kansu yaushe ne suka daina ƙirga gawa tare da shi.

Akwai masu ƙorafin cewa tarihi bai faɗi haka ba. Gaskiya ne. Littafin Azuma Kagami, tarihin da aka rubuta a ƙarƙashin gwamnatin Kamakura, ciwo ya ce ya kashe Yoshitoki a 1224. Zancen guba kuwa tsohon raɗe-raɗi ne, mawaƙin fada Fujiwara no Teika ya rubuta shi a kundinsa 'yan shekaru bayan mutuwar, cewa ana zargin matarsa. Hannun Masako da shirin kashe yaron duk na marubuci ne. Ban ga laifinsa ba, domin bai taɓa abin da aka tabbatar ba, a ɗakin da babu shaida ya yi ƙirƙirarsa. Masako ta bi ƙaninta a 1225. Yasutoki ya gaje shi, a 1232 ya fitar da kundin dokokin mayaƙa mai sashe 51 wanda aka daɗe ana aiki da shi. Yaron da aka tuɓe, wanda daga baya aka sa wa suna Chukyo, ya rayu har 1234, ya rasu yana ɗan shekara 15.